Safayar kayan wuta marasa suna: ina ake samu, kuma gyaran yana biyan kuɗin sabulu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Masu sani a taimaka min don Allah. Robar da ke juya wuƙar bulandata ce ta cinye, injin yana tashi lafiya lau amma ko tumatir ba ya markaɗawa. A gudummawar biki na same ta, sunan da ke jikinta kuma ban taɓa ganinsa a ko'ina ba. Na aiki yaro shagunan unguwa ya faɗi sunan, kowa ya ce bai san shi ba. Ga fanka mai caji da butar lantarki su ma suna ƙarƙashin gado. Ana samun safayar irin waɗannan kuwa, ko in haƙura in ba 'yan gwangwan?

Injiniya Sabo:
Wa alaikumus salam Hajiya. Tun daga aiken aka samu tangarɗa. In kika tura yaro da suna ba wanda zai ba shi komai, domin mu a kasuwa ba da suna muke jera safaya ba, da fasali muke jerawa. Irin waɗannan bulandodin masana'anta ɗaya ce take buga su da yawa, kowane ɗan kasuwa ya je ya ce a manna masa sunan da ransa yake so. Ki ba yaron gindin injin da kofin gaba ɗaya ya shigo kasuwar Sabon Gari ta Kano wajen masu kayan wuta. Za a zube masa robobi a kan tebur a yi ta gwadawa. Abin da ake dubawa shi ne yawan haƙoran robar, faɗinta, da kaurin ƙarfen da take ɗaurewa a kai. Kuma kada wani ya ce zai kwance a gida da ƙarfin tsiya. Yawancinsu tiredin hagu ne, wato ɓangaren da aka saba ɗaure noti, ta nan ake kwance su. Masu murɗawa ta ɗaya ɓangaren su ne suke zuwa mana da sandar injin a lanƙwashe, gyaran roba ya koma gyaran inji.

Alhaji Ɗanjuma:
Injiniya ya faɗi gaskiya, mu da muke sarin kayan mun san haka. In ka je Shunde a lardin Guangdong, ko Cixi a Zhejiang, garuruwa ne da aikinsu ke nan, ƙananan kayan wuta na gida. Za a nuna maka samfuri, sai a tambaye ka nawa kake so ka biya. Daga amsarka ake yanke abin da za a sa a ciki. Ka rage farashi, wayar kwayil ta tashi daga jan ƙarfe ta koma alminiyam. Ka ƙara ragewa, a cire boris a sa bushi, robar jiki ta ƙara sirancewa. Kwalin kuwa ba ya canjawa, yana nan da hoton 'ya'yan itace da turanci mai daɗi. Shi ya sa bulanda biyu suke kama kamar an tsaga kara amma ɗaya ta ninka ɗaya kuɗi.

Baba Mai Ritaya:
To ai kun gama maganar da kanku. Araha ba ta ado. Ni ban ga dalilin da mutum zai yi ta zarya kasuwa a kan abin da tun asali ba a yi shi don ya daɗe ba. Rediyon da na saya ina aikin gwamnati har gobe ina jin labaran asuba da ita. 'Yata, ki tara kuɗi ki sayi mai suna, ko ki nemi ɗan Beljiyam mai kyau, ki huta.

Anti Rabi Kaduna:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma a tara da me? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka saki naira a watan da ya biyo, kayan wuta suka yi tashin gwauron zabi. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, shi ma ba kowa ake ba ba. Matar da take soya ƙosai ko awara ba za ta rufe sana'a tana jiran ta tara kuɗin mai suna ba. Kuma mai sunan ma wa ya ce na gasken ake ba mu? Sau nawa ake sayen abu da babban suna a buɗe a ga cikinsa ɗaya da na bakin titi?

Injiniya Sabo:
Baba, ranka ya daɗe, ni abin da nake gani a kan teburina akasin haka ne. Mara suna ya fi sauƙin samun safaya, saboda kowa kwafin kowa yake yi. Mai babban suna shi ne yake yin kofinsa da wuƙarsa ta yadda na wani ba zai shiga ba, in kofin ya fashe sai dai a yi oda. Ɗan Beljiyam ɗin ma a duba bayansa kafin a biya. Wutarmu 230V ce. Kayan da aka yi don Amurka 120V ne, na Japan 100V. Ka jona shi kai tsaye, hayaƙi ɗaya zai yi ya gama. Na Ingila da sauran Turai su ne suka dace da tamu.

Baba Mai Ritaya:
Na ji ta wutar, wannan gaskiya ne. Amma ban sauka daga magana ta ba. Ku lissafa kuɗin adaidaita zuwa kasuwa da dawowa, da kuɗin mai gyara, sau nawa a shekara.

Habu Sharp:
Baba a bar mu mu yi maneji kawai. Ni tambayata fankar. Tawa ma in aka ɗauke wuta minti kaɗan take yi ta tsaya. An ce batir ne. Kowane batir zai yi?

Injiniya Sabo:
A'a Habu. Ka kwance murfin ƙasa ka karanta abin da ke jikin batirin, kada ka je kasuwa da ka. Manyan fankokin nan yawanci batir mai dalma ne a ciki, ɗan baƙin akwati, ko 6V 4.5Ah ko 12V 7Ah, wasu kuma guda biyu ne aka haɗa. Lambar V dole ta zo daidai. Lambar Ah tana iya ɗarawa kaɗan in akwatin zai shiga gurbin. Ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ka cire, ja ina, baƙi ina, domin in ka juya su fanel ɗin caji ne zai tafi.

Abin da ke kashe irin wannan batirin shi ne a bar fanka tana juyawa har ta tsaya da kanta, sannan a yar da ita kwana da kwanaki ba caji. Batir mai dalma ba ya son zama a ƙarƙaf. Lokacin hunturu da ake ajiye fanka a lungu, nan yawanci suke mutuwa, sai zafin Maris ya shigo a jawo ta a ga ba labari. Ko ba a amfani da ita a riƙa jona ta lokaci lokaci.

Ƙananan fankoki da fitilu kuma batirin litiyam ne mai kama da yatsa, ana ce masa 18650, faɗinsa milimita 18, tsawonsa 65, ƙarfinsa 3.7V. A nan ne ake cutar mutane. Na gaske mai kyau ba ya wuce wajen 3500mAh. Duk wanda ka ga an rubuta 9900mAh a jikinsa, ajiye musu kayansu. Ka ɗaga shi a hannu ma za ka ji ba nauyi. Gara wanda aka ciro daga tsohon batirin laftof aka gwada da mita a gabanka.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Na buɗe tawa yanzu, 6V 4.5Ah ne, kuma gefensa ya kumbura.

Injiniya Sabo:
Ya gama aiki Hajiya. Kada a jefa shi a shara ko yara su yi wasa da shi, dalma ce da asid a ciki. A tafi da shi, masu sayar da sabo suna karɓar tsohon su rage miki wani abu.

Habu Sharp:
Ni dai bulandar gidanmu da ta mutu ɗif, wani yaro ne ya buɗe ya ciro wani ɗan abu fari a jikin kwayil, ya haɗe wayoyin biyu kai tsaye. Har yau tana aiki, ko sisi ba a sayi komai ba. Wani lokacin ku masu gyara kuna tsawaita magana ne kawai.

Injiniya Sabo:
Habu, wannan ɗan abin da aka cire shi ne fis ɗin zafi. Aikinsa in kwayil ya ɗau zafi fiye da kima ya yanke wuta kafin ya kama. Yanzu bulandarku ba ta da birki. Ranar da wake ya riƙe wuƙa, ko wuta ta zo da ƙarfi mai markaɗe ta fita tsakar gida, ba abin da zai tsayar da ita sai ta narke. A buta da dutsen guga da tukunyar shinkafa abin ya fi muni, domin su aikinsu ma zafi ne. Fis ɗin nan ba tsada gare shi ba, ana sayar da shi a Sabon Gari. A jikinsa an rubuta zafin da yake yankewa da ƙarfin wutar da yake ɗauka, irinsa sak za a mayar. Kuma ba a cika liƙa shi da dalma ba, zafin ƙarfen sodar kansa yana iya kashe shi, matse shi ake yi da ɗan ƙarfe. Ka mayar da ita a saka, don Allah, ba don ni ba.

Anti Rabi Kaduna:
Habu ka ji maganar manya. Gidan haya mutum yake, ɗaki na jikin ɗaki.

Habu Sharp:
To shi ke nan, an taru a kaina. Zan kai.

Anti Rabi Kaduna:
Amma mu ma mata mu faɗi gaskiya, muna ba bulandar wahala. Aya ba a jiƙa ba a zuba, a danna maɓalli a bar shi yana ta kuka har ka ji warin ƙuna. Ni aya da waken suya sai sun kwana a ruwa, in zuba kaɗan kaɗan da isasshen ruwa, in kunna in kashe, in taɓa gindin in ji ko ya yi zafi. In markaɗen biki ne ko na azumi, injin unguwa yana nan, ba a kashe ta gida a kansa. Wani abin kuma, da zarar kin ga ruwa baƙi baƙi a ƙarƙashin kofi bayan markaɗe, bushin wuƙar ne ya ci, ruwa yana bi ta nan ya sauka cikin inji. A canja wuƙar tun kafin ta ja babbar asara. Mu a nan abin da ya gagara samu Panteka muke kaiwa. Na ga an yanka wa wata roba sabuwa daga tsohuwar taya, aka goge ta ta zauna daram.

Alhaji Ɗanjuma:
Tunda an zo nan bari in ƙara muku wani sirrin. Ku daina kallon wat ɗin da ke jikin kwali. Za ka ga an rubuta 5000W ko 8000W a 'yar bulanda. Soket ɗin bangonka mai baki uku 13A ne, a wutar 230V abin da zai iya bayarwa bai kai 3000W cikakke ba. To ina sauran zai fito? Ka ɗaga injin ka ji nauyinsa, ya fi rubutun gaskiya. Jan ƙarfe ya fi alminiyam nauyi nesa ba kusa ba.

Injiniya Sabo:
Haka ne Alhaji. In aka kankare wayar kwayil aka ga fari a ciki, alminiyam ne aka shafa masa launi. Irinsa in ya ƙone ba na ba mutum shawarar a yi masa sabon naɗi, kuɗin zai kusa na sabuwa. A nan kam ina tare da Baba. Roba, wuƙa, kabon, fis, makunni, kafasita, batir, duk a gyara. Kwayil ya ƙone a ƙaramin abu, ko abin dumama buta wanda yake manne a ƙarƙashin faranti ya mutu, a haƙura. Amma ko an haƙura kada a ba 'yan gwangwan gaba ɗaya. A cire kofi, murfi, wuƙa, waya da gindin butar a ajiye. Rabin safayar da nake sa wa mutane daga irin waɗannan kwandem ɗin nake cirowa.

Baba Mai Ritaya:
Alhamdu lillahi, yau Injiniya ya yarda da ni ko da rabi ne.

Malam Bala Tela:
Ina ta karatu ban sa baki ba, amma abin da Injiniya ya faɗa mu teloli mun daɗe a cikinsa. Baƙin keken ɗinkin nan na ƙafa, ko Butterfly ne ko wani suna daban, kusan duk fasalin tsohon Singer samfuri na 15 aka bi. Shi ya sa allura ɗaya ce, ƙoshiya ɗaya, kwalbar zare ɗaya. Keken da kakata ta bari in wani abu ya ci a cikinsa yau zan shiga kasuwa in samo. Ba wanda ya taɓa tambayata sunan keke. Haka ƙaramin janareton nan na shago, da sunaye barkatai yake zuwa amma kafireto da fulogi da igiyar ja duk suna shiga juna. Matsala tana farawa ne in abu bai yi yawa a gari ba. Ni yanzu kafin in sayi komai sai na fara zuwa wajen mai gyara na tambaye shi wanne ne safayarsa ta cika kasuwa, sannan in je wajen mai sayarwa.

Isuhu Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen Najeriya. Mu nan abin da munka saba, in abu ya lalace sai a ba direban da ke zuwa Kano ta Jibiya da Katsina, ya tafi da mataccen a leda ya dawo da irinsa. Lokacin da anka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023 mun ji jiki, fanka da yawa sun kwanta don rashin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mutanen Yamai su suna da kasuwar Katako, can ba abin da ba a farkewa a sayar gunduwa gunduwa. Tambayata Injiniya: fankar sama ce ke juyawa a hankali ko an kai ta lamba ta ƙarshe, sai an tura ta da sanda take tashi.

Injiniya Sabo:
Malam Isuhu, kafasita ce, alamarta ke nan sak. Tana saman fankar cikin ƙoƙon da ke rufe wayoyi. Fankar sama yawanci 2.5uF ce, ta tsaye kuma ƙasa da haka, amma ka karanta ta jikin taka. Lambar uF a mayar da irinta, kada a ce bari a sa babba don ta ƙara gudu, kwayil ne zai riƙa zafi. Lambar V ɗin in ta ɗara ba laifi, in ta gaza ne matsala. A kashe wuta daga babban makunni kafin a hau. In an canja ba ta sake ba, ka juya fiffiken da hannu, in ka ji gurnani ko tauri to boris ne, shi ma da lamba a jikinsa.

Abu Sadik:
Ina bin ku daga Jamus. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne abin da kuke yi da dabara, nan doka aka kafa a kansa. Tun watan Maris na 2021 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera firiji, injin wanki, injin wanke kwanuka da talabijin su ajiye safaya tsawon shekara 7 zuwa 10, gwargwadon irin kayan. Faransa kuma tun Janairun 2021 take sa a liƙa wa wasu kayan maki daga cikin 10 na sauƙin gyara, mai saye ya gani kafin ya biya. A 2024 aka ƙara wata dokar ta haƙƙin gyara, kuma daga ƙarshen Disambar shekarar sabbin wayoyi dole su zo da bakin caja na USB-C. Sai dai kada ku ɗauka nan aljanna ce. Kuɗin aikin mai gyara ya sa in buta ko bulanda ta lalace ba mai kai ta ko'ina, zubarwa ake yi. Wasunsu su ne suke zuwa muku a kwantena.

Alhaji Ɗanjuma:
Abu Sadik, dokar ta yi kyau, amma wa za a kama a nan? Dokarsu tana aiki ne saboda akwai kamfani mai ofis da adireshi. Sunan da ke jikin bulandar Hajiya wataƙila kwantena ɗaya aka taɓa yi da shi, mai shi ya sayar a kasuwar Alaba ta Legas ya koma sarin takalma.

Barista Hadiza:
Alhaji, ba a rasa doka ba gaba ɗaya. Akwai tsarin SONCAP na hukumar kula da ingancin kaya, wato SON, tun 2005, wanda ya ce a tantance irin waɗannan kayan kafin su shigo. Akwai kuma dokar kare masu saye ta 2018 wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da aka sayar masa da aibi. Kuma wanda ya sayar maka shi ma yana da alhaki, ba sai ka nemo masana'anta a Sin ba. Inda muke faɗuwa shi ne rasit. A sayi abu a miƙa kuɗi a tafi, ba takarda, ba kwanan wata. Ku riƙa cewa a rubuta muku, a sa sunan shago da kwanakin garanti, ko mako biyu ne.

Alhaji Ɗanjuma:
Barista, Allah ya ba ki nasara, ni ina bayar da rasit. Amma in an gwada a shago ya tashi, aka kai gida wuta ta ƙona shi, wannan kuma ba aibin kaya ba ne. Kullum a kan haka muke rigima da kwastoma.

Barista Hadiza:
Shi ya sa ake son mai gyara na uku ya buɗe ya faɗi abin da ya gani, ba mai shago ya zama alƙalin kansa ba.

Ummu Haidar:
Ku yi haƙuri na katse ku. Rimot ɗin talabijin ɗinmu ne yara suka jefa a ruwa, ita ma irin mara sunan ce. Mun sayi rimot mai kama kowace tibi bai kama ba. Kuma cajar fitilarmu ta ɓace, na samu wata bakinta ya shiga amma ina tsoron jonawa.

Injiniya Sabo:
Hajiya, kada ki yar da jiƙaƙƙen rimot ɗin, da shi za a je. Irin waɗannan tibin fanel ɗin gama-gari ake sa musu, kamar masu lamba V56 ko V59, kuma rimot fanel yake bi, ba sunan da ke gaban gilashi ba. Masu rimot a Sabon Gari da titin Beirut suna gane shi daga jerin maɓallan. In akwai mai wayar Redmi a gidan a duba samanta, da yawansu suna da idon rimot, za ku iya maneji da ita kafin nan. Wanda ba ya kusa da babbar kasuwa ya ɗauki hoton rimot ɗin ya sa a Google Lens, sau da yawa yana fito da irinsa da lambarsa.

Caja kuma shigar baki ba hujja ba ce. Ki duba inda ake soka ta a jikin fitilar, ana rubuta V ɗin da take so. Na cajar ya zo daidai da shi, lambar A ta cajar kuma ta kai ko ta ɗara. Akwai ɗan zane mai alamar tarawa da ɗebewa da ke nuna ko tsakiyar bakin ne mai tarawa, su ma su dace. Har bakin kansa iri biyu ne masu kama da juna, 5.5 da rami 2.1 da kuma 5.5 da rami 2.5, ɗaya yana shiga ɗaya amma yana rawa, caji ya riƙa yankewa. Turo hoton bayan fitilar da na cajar in duba miki.

Ummu Haidar:
Ga su nan. Fitilar 6V na gani, cajar kuma 12V.

Injiniya Sabo:
Kada ki jona. Ki nemi mai 6V, ki tafi da fitilar a gwada a gabanki.